Masu sayen sijar a Jidda: ganye ake dubawa, ba zoben takarda ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana a kan wata haja da 'yan uwanmu ke zuba wa kuɗi a nan Saudiyya ba tare da sanin abin da suke saye ba, wato sijar, tabar nan mai kauri da ake naɗawa da ganye zalla. Mu ma'aikatan shagunan taba ne a Jidda. Galibin Hausawan da ke zuwa nemanta ba masu sha ba ne. Direba ne da maigida ya aiko, ko mai kula da majalisi da aka damƙa wa akwati aka ce ya lura da shi, ko ɗan kasuwa da zai koma Kano ko Yamai yana neman tsarabar da za ta burge wani babba. Dukkansu abu ɗaya suke dubawa: zoben takardar da ke wuyan tabar. Da sun ga sunan Cohiba, shahararriyar sijar ƙasar Kyuba, da ruwan zinariya, ciniki ya faɗa. Alhali zoben nan shi ya fi komai sauƙin bugawa na jabu, kuma ko na gaskiya ne, bai hana a ce tabar da ke cikinsa ta riga ta lalace ba.

Kafin wani ya ce talla muke yi, malaman ƙasar nan sun daɗe da ba da fatawar haramcin shan taba, kuma sijar na ciki. Zancen da ake yi wai ta fi sigari dama-dama don ba a haɗiyar hayaƙinta, ba shi da tushe. Karan sigari ɗaya bai cika giram ɗaya na taba ba, babbar sijar kuwa tana ɗauke da giram 5 zuwa 17, kuma nikotin ɗinta ta fatar baki yake shiga jini ko hayaƙin bai kai huhu ba. Kansar baki da ta maƙogwaro ba ruwansu da tsadar abin da aka sha. Wanda bai fara ba, kada ya fara. Da wanda aka ɗora wa amanar kuɗin wani muke magana.

Sijar ta ƙwarai kashi uku ce, duka ganye. Akwai ciko a tsakiya, akwai ganyen ɗauri da ke rungume cikon, sannan riga, ganyen waje mai santsi da ido ke gani. A kai ana liƙa 'yar hula da aka yanko daga ganyen rigar, da ɗan ƙaro marar ɗanɗano. Ba takarda, ba filta, ba turare. Bambancin mai tsada da mai araha a cikon yake. A mai tsada ganyayen dogaye ne, kowanne ya tashi daga kai har gindi, an lanƙwasa su yadda iska za ta sami hanya a tsakaninsu. A mai araha ɓarɓashi ne da guntaye, shi ya sa take cin wuta da sauri, tokarta na zuba, guntun ganye na shiga baki.

Cikon ma ba ganye iri ɗaya ba ne. Shuka guda tana ba da iri uku gwargwadon inda ganyen ya fito. Na ƙasa, wanda mutanen Kyuba ke kira bolado, ba shi da ɗanɗano sosai, amma shi ke riƙe wuta. Na tsakiya, seko, shi ne mai ƙamshi. Na sama, lihero, ya fi shan rana, kauri gare shi da maiƙo, daga gare shi ƙarfi da yaji ke fitowa, kuma ba ya saurin cin wuta. Don haka mai naɗi ke sa shi a can tsakiya. In hannunsa ya goce lihero ya koma gefe, tabar za ta ci ta ɓangare ɗaya, ɗayan ya tsaya cak, kuma mai sha ba shi da laifi a wannan.

Ɗanɗano kuwa tun kafin naɗi aka gama shi. Bayan tsinka, ana rataye ganye a rumfa kamar kwana 50 har ya juya daga kore zuwa ruwan ƙasa. Daga nan a jibge shi tuli-tuli ya ɗau zafi da kansa ya tsima, kamar yadda kalwa ke yi kafin ta zama daddawa. Ana sa ido a kan zafin, in ya yi yawa a warware tulin a sake jerawa, na ciki ya dawo waje. Tsimin nan ke fitar da zarni da gafi daga ganyen. Sai ajiya a dami: bolado kusan shekara, lihero shekara biyu ko fiye. Duk sijar da aka shinshina gindinta zarni ya daki hanci, gaggawa aka yi mata. In ganyen na kirki ne, wata uku zuwa shida a akwati kan daidaita ta. In ba na kirki ba ne, ko shekara goma ta yi sai a hankali.

Ƙasa ma na magana a cikin hayaƙi. Tabar Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río a yammacin Kyuba, ƙamshinta ya fi kusa da jemammiyar fata da busasshiyar ciyawa da ƙasar da ta sha ruwan fari. Ta Estelí a Nikaraguwa ƙarfi ne da yaji irin na masoro, har a bayan maƙoshi ake jin sa. Ta Jalapa, duk a ƙasar, ta fi zaƙi da laushi. Ta kwarin Cibao a Jamhuriyar Dominikan ita ce mai sauƙin kai, gardi da ƙamshin itace. Bayan juyin juya halin Kyuba na 1959 da takunkumin Amurka na 1962, iyalai da dama masu wannan sana'a sun bar tsibirin da irinsu da sunayensu suka kafa a waɗannan ƙasashe. Shi ya sa yau akwai sijar Montecristo iri biyu, Romeo y Julieta iri biyu, ta Kyuba da ta waje. Cohiba ma iri biyu ce. Wadda ke da jan ɗigo a tsakiyar harafin O ba jabu ba ce, amma ba ta Kyuba ba ce, don kasuwar Amurka ake yin ta. In maigida ta Habana, babban birnin Kyuba, ya ce a sayo, a tambaya da kyau.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi game da launin riga: wai baƙa ita ce mai ƙarfi, fara-fara ita ce ta 'yan koyo. Baƙar riga, maduro, tsimi ne ya daɗe mata, abin da take kawowa zaƙi ne da ɗanɗanon koko da gahawa. Ƙarfi daga yawan lihero yake, kuma wannan ido ba ya ganinsa daga waje. Riga mai haske ta jihar Connecticut a Amurka ko ta ƙasar Ekwado, wadda ake nomawa a inuwa ko ƙarƙashin gajimare, laushi ne da ita da ɗan gardin gyaɗa. Rigar Kamaru, ta maƙwabtanmu, tana cikin waɗanda masana ke girmamawa: ɗan zaƙi da ƙamshi irin na kirfa, jikinta da ƙananan ƙuraje. Sai dai siririya ce ƙwarai, ita ke fara tsagewa a busasshen wuri, don haka ba mu ba mutumin Riyad shawarar ya fara da ita.

Girma ana auna shi da tsawo da kauri, kaurin kuma da kashi 64 na inci. Kowane girma da sunansa: Robusto na Kyuba tsawon milimita 124 ne, kauri 50, wato kusan santimita 2, ana shan sa cikin minti 45 zuwa awa. Korona 142 ne da 42. Churchill 178 da 47, sai an ware masa awa ɗaya da rabi. Siririya ta fi ɗaukar zafi, an kuma fi jin rigarta. Mai kauri hayaƙinta ya fi sanyi da yawa.

To yaya za a gane mai kyau a shago? A riƙe ta tsakanin babban yatsa da manuni, a matsa a hankali daga kai zuwa gindi. Mai lafiya za ta ɗan lotsa ta dawo. In an ji ƙas-ƙas, ta bushe. In wani wuri ya lotsa ya zauna, ciko ya yi kaɗan a nan, wuta za ta yi rami in ta iso. In an ji ƙulli mai tauri, musamman kusa da zobe, a ajiye ta, don hayaƙi ba zai wuce ba sai mai sha ya yi ta ja har kumatu su gaji. A dubi hula: ta Kyuba layi uku ake gani a jere, tsaf. A dubi riga, ɗan sheƙin maiƙo, jijiyoyi ƙanana, ba tabon kore mai gashi. A akwatin gaskiya duk tabar launinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, zobensu a layi ɗaya, don akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan a masana'anta.

Game da jabu, ga abin da ba ya kuskure. Akwatin Cohiba mai murfin gilashi, irin wanda ake kawowa a ce wani ya shigo da shi daga Habana ta bayan fage, masana'antar ba ta taɓa yin sa ba. Akwatin Kyuba na gaskiya yana da koriyar takardar hatimin gwamnati, wadda tun 2009 ke ɗauke da tambari mai walƙiya da lamba, kuma ana iya duba lambar a shafin intanet na Habanos, kamfanin da ke sayar da sijar Kyuba a duniya. A ƙasan akwatin akwai rubutun da aka ƙona a jikin katako, Hecho en Cuba (an yi a Kyuba) da Totalmente a mano (da hannu zalla), sai tambarin tawada mai nuna masana'anta da wata da shekara. Masu jabu sun iya kwaikwayon wasu daga ciki, har sukan sayi tsohon akwati na gaskiya su cika shi da nasu. Abin da ba su iya ɓoyewa shi ne farashi. Saudiyya ta ɗora harajin kashi 100 cikin 100 a kan taba tun Yunin 2017, ga harajin kaya na kashi 15 tun Yulin 2020, sannan a 2022 Habanos ya ninka farashin Cohiba a duniya baki ɗaya. Duk wanda ya kawo maka ƙwaya 25 a kuɗin ƙwaya uku, araha ba ta ado. In shakka ta ƙi fita, a sadaukar da ɗaya, a tsaga ta da reza daga kai zuwa gindi a buɗe. Ta gaskiya dogayen ganyaye za a gani a naɗe. Ta jabu ɓarɓashi ne da kara da ƙura.

Amma a ganinmu, tabar gaskiya da ke mutuwa a hannun masu ajiya ta fi wadda 'yan jabu ke sayarwa yawa, kuma nan ne muke so mu tsaya. Sijar tana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin 100, da sanyi digiri 16 zuwa 20. Ƙasar nan ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. A Riyad da bazara danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 15. A Jidda da Dammam danshi ya yi yawa a waje, amma iyakwandishan na tsotse shi a ɗaki. Tabar da aka bari a kan tebur cikin ɗaki mai sanyi, kwana biyu ko uku sun isa ta fara bushewa. Wadda aka manta a mota da rana tsaka, an gama da ita. Idan ta bushe maiƙon ganyen ke tafiya, kuma ƙamshin a cikinsa yake. Sai ta riƙa cin wuta kamar kara, da zafi da ɗaci. In kuma danshi ya haura 72, ganye ya kumbura, zuƙa ta yi nauyi, wuta ta riƙa mutuwa, fumfuna ta biyo baya.

Akwatin danshi na kirki ana lulluɓe cikinsa da katakon sidar na Sifen, murfinsa in an sake shi yana sauka da ɗan numfashi, ba ƙarar katako ba. Sabo ba a zuba masa taba nan take, don busasshen katako zai sha danshin tabar. A sa masa fakitin danshi mai lamba 84, wato mai riƙe danshi kashi 84, a rufe mako biyu tukun. Masu goge cikinsa da jiƙaƙƙen tsumma don sauri, katakon suke lanƙwasawa. In akwatin mai soso ne, ruwan da aka tace ta tururi, na kantin magani, shi ake sawa. Ruwan famfo gishirinsa na toshe soson, yana kuma kawo fumfuna.

Gaskiya dai, ga mai ƙwaya goma ko ashirin, robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, sabuwa marar wari, da fakitin danshi ɗaya na kamfanin Boveda mai giram 60, ta fi akwatin katako mai araha da iska ke shiga. Fakiti ɗaya na riƙe kimanin ƙwaya 25. A Jidda a ɗauki mai lamba 65, a Riyad 69. In fakitin ya yi tauri a hannu, ya ƙare, a canza. Ma'aunin danshi mai allura da ke zuwa liƙe da akwati, ado ne kawai galibi. A gwada kowane ma'auni da gishiri: a cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi da ma'aunin cikin leda mai zif na awa 12. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, ka san kullum biyar za ka ƙara.

Abu biyu ne mutanenmu suka fi yi da kyakkyawar niyya. Na farko sa ta a firiji, wanda iskarsa busasshiya ce, ga warin albasa da kifi. Na biyu ajiye ta a durowa ɗaya da turaren wuta da oud da almiski. Ganyen taba yana shan duk warin da ke kusa da shi, kuma ba ya saki. Sijar da ta kwana uku kusa da turaren wuta, turaren wuta za a sha.

Sai ƙwaron taba. Ƙwansa kan zo a cikin ganyen, yana ƙyanƙyashewa in zafi ya wuce digiri 22 zuwa 23 ga kuma danshi. Lokacin da ya fi ɓarna shi ne in maigida ya yi tafiyar bazara an kashe iyakwandishan. Alamarsa 'yar huda zagayayya kamar ta allura a jikin riga, in an buga gindin tabar a kan farar takarda gari ya zubo. Masu huda a zubar. Sauran a ƙulle a leda biyu, kwana ɗaya a firiji, kwana uku a firiza, a sake kwana ɗaya a firiji, sannan a bar su su huce a ɗaki kafin a buɗe ledar. Tsallake matakin firiji shi ke fasa riga. Haka ma busasshiyar taba, ba a farfaɗo da ita da gaggawa: a fara da fakitin 62 na mako biyu, sai 65, sai 69. In aka jefa ta cikin danshi mai yawa kai tsaye, ciko zai kumbura kafin riga, rigar ta tsage. Za ta dawo da laushi, ƙamshin kuwa sai abin da ya rage.

Wajen sha, yanka ne farko. Milimita 2 zuwa 3 kawai ake cirewa daga hula, da abin yanka mai kaifi biyu, a bugu ɗaya. In aka wuce kafaɗa aka cire hular duka, riga za ta fara warwarewa a baki. Kafin wuta a ɗan ja: iska ta zo da ɗan nauyi kaɗan, ba a buɗe sakaka ba, ba a toshe ba. Wuta ta laitar gas ko doguwar ashana, bayan kan ashanar ya gama ci. Ban da laitar fetur, ban da kyandir, ban da garwashin shisha mai saurin kamawa, duk warinsu na shiga ganye. A karkata gindin a saman harshen wutar ba tare da ya taɓa ba, ana juyawa har gefen ya yi baƙi zagaye, sannan a sa a baki a ja gajeru biyu ko uku. A hura gindin a gani: in duk da'irar ta yi ja, ta kama.

Daga nan zuƙa ɗaya a minti. Mai sigari da ya zo da gaggawarsa, cikin minti goma zai mai da taba mai tsada ɗaci da ƙauri, don zafi na dafa ganyen da wuta ba ta iso ba. Mai yawan jinkiri kuma ciko zai ci ya bar riga, wuta ta yi rami. Hayaƙin a baki ake riƙe shi daƙiƙa biyu ko uku a sake. In aka raba tsawon tabar uku, kashi na farko yakan zo da yaji sannan ya lafa. A na tsakiya ake jin aikin mai haɗa ganye, gardi da koko da itace suna canza wuri. Na ƙarshe ƙarfi ne da nauyi, don maiƙo da kwalta sun taru a wajen. Toka a bar ta ta kai santimita 2 ko 3, tana rage wa garwashin zafi. Farinta ko duhunta daga ƙasar gona ne, ba shaidar inganci ba ce, tsayuwarta ita ce shaidar dogon ciko. In gefe ɗaya ya yi gaba, a juya mai jinkirin ƙasa, ko a ɗan taɓa shi da wuta. Zobe a bar shi minti goma ƙaron ya yi laushi kafin a cire, in ba haka ba ya tafi da fatar riga.

Abin sha, ruwa ko baƙar gahawa. Gahawar Larabawa mai yawan hel da shayi mai na'ana'a suna danne ɗanɗanon. Ba a shan mai ƙarfi da yunwa a ciki. In jiri da gumi mai sanyi da tashin zuciya suka zo, nikotin ne ya yi yawa: a ajiye ta, a ci dabino, a sha ruwa, a fita iska. In ta rage kamar santimita 4 ko yatsu sun fara jin zafi, a kwantar da ita a faranti ta mutu da kanta. Murtsuke ta irin na sigari wari yake cika ɗaki da shi. Guntun da aka sha kuma ba ya komawa akwati, zai ɓata sauran.

A tuna da doka. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, shan taba a harabar masallaci, asibiti, makaranta ko ofishin gwamnati tarar riyal 200 ne, kuma tun zamanin Sarki Fahad aka hana cinikin taba a Makka da Madina. Mai tsaraba ya saya a shago mai lasisi a ranar da ta fi kusa da tafiya, ya karɓi rasit, ya sa a leda mai zif da fakitin danshi, a jakar hannu, nesa da kwalaben turare. In da hunturu zai sauka Kano ko Yamai, ya ƙara fakiti biyu a cikin ledarsu ba a buɗe ba, ya kuma gaya wa wanda zai karɓa kada ya cire na cikin.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan shagunan taba,
Jidda, Saudiyya